Injin Ban Ruwa

Alhaji Iliyasu ya cire takalmansa a bakin tabarma, ya zauna cikin masu ta'aziyya. A Kudan babu wanda ya san shi. Ya ce daga Ikara yake, ya ji rasuwar Ya'u ne a kasuwar Makarfi.

Ya'u ya rasu a kurkuku, bayan shekara goma sha huɗu a kan laifin kashe Bilya, maƙwabcinsa a fadama. Ukasha, yayan Ya'u, ke karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zauna sai ya maimaita masa labarin, da muryar wanda ya daina jiran a yarda da shi.

"Alhaji, injin ban ruwa fa yake nufi. 'Yan sanda suka tambaye shi abin da ya kai shi gonar Bilya. Ya ce ya tarar da injin yana ta ƙara ba kowa, shi ne ya kashe shi. Da aka juya maganar zuwa Turanci, sai injin ya ɓace. Aka bar 'na kashe shi' kawai."

"Allah ya jiƙansa," in ji Alhaji Iliyasu.

"Mun nemi takardar farko, ta Hausa, mai dangwalen yatsansa. Aka ce babu ita a fayil. Ko yanzu ta fito, da 'ya'yansa sun huta da sunan 'ya'yan mai kisan kai."

Hannun Alhaji Iliyasu na kan aljihun rigarsa. Ya dubi tabarmar. An kawo ruwa a kwano, ya kurɓa, bai ji ɗanɗanon komai ba.

"Zulai tana nan lafiya?" ya tambaya.

"Tana ciki, tana takaba," in ji Ukasha. Bai tsaya tunanin inda baƙo ya san sunan matar Ya'u ba.

Aka shafa fatiha. Alhaji Iliyasu ya sa takalmansa, ya taka zuwa mota. Sai da ya wuce gonakin rake ya tsaya a gefen titi, ya zaro takardar daga aljihu. Ta yi laushi saboda yawan ninkewa. Kalmar "injin" tana nan a layi na uku, da jan zagayen da ya yi mata ranar da ya zare ta daga fayil, kwana biyu kafin ya tashi a gaban alƙali a matsayin mai gabatar da ƙara a shari'ar Ya'u.