Maginin da Ƙusa Ba Ta Ci

An yi wani magini a wani gari, irin masu kwaɓa jar ƙasa da ƙafa su murza tubali. Shekara ashirin yana cikin ramin kwaɓi, yana taka ƙasa da ciyawa har su haɗu. Da ƙishirwa ta dame shi, ga yawan zagayawa, ga rama, sai aka kai shi asibiti, aka ce ciwon sukari ne. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya rage zaƙi, ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, kada ya kuma taka ƙasa ba takalmi. Ya fito yana dariya, wai ina aka taɓa ganin magini da takalmi a cikin kwaɓi? Bayan wani lokaci ƙafafun suka fara yi masa zogi, kamar ana tsira masa allura. Wani abokinsa cikin 'yan tauri ya haɗo masa tsimi a gora, ya ce ya sha kwana bakwai, ciwo zai tafi, ƙarfe ma ba zai ƙara cin sa ba. Ya sha. Allah da ikonsa, ba a yi wata biyu ba zogin ya ɗauke ɗif. Maginin nan ya tattara ƙwayoyin asibiti ya cusa a saman katanga. Ya zama abin kallo a wurin aiki. Sai ya taka ƙaya, ya taka fasasshiyar kwalba, ko gezau, abokan aiki suna tafa masa suna cewa, "Sai kai, na gaban ƙarfe!" Matarsa kuwa mai kunya ce, ko sunansa ba ta faɗa, magana ma sai ta kama dole. Ita dai tana kallo. Ta ga ya tsoma ƙafa a ruwan wankan da ba ta riga ta sirka ba, bai ko motsa ba. Ta sirka masa ruwan kawai ta wuce, don kowa a gidan murna yake yi.

To, an kusa shekara biyu a haka, wata rana da la'asar tana zaune tana tsintar shinkafa, ya shigo ya bi ta kan simintin tsakar gida, sai ta ji ƙas, ƙas, ƙas. Ta ɗaga kai, ƙafarsa ba takalmi. Washegari ma haka. A rana ta uku ya miƙe ƙafa a kan tabarma yana ɓarar gyaɗa, ta ga ƙudaje sun bar kwanon abinci sun taru a diddigensa na dama. Ta ɗebo ruwa a buta ta durƙusa, wai za ta wanke masa ƙasar aiki. Tana cuɗawa laka tana fita, sai yatsanta ya ci karo da wani abu mai tauri. Kan ƙusa ne. Ta kama da farce ta ja, ƙusa ta yi ta fitowa, ta yi ta fitowa, tsawon ɗan yatsa, duk tsatsa, ruwan mugunya na biye da ita, da wani wari da ya sa ta kau da kai. Shi kuwa bai daina tauna gyaɗarsa ba, yana ba ta labarin sabon soron da za su ɗora. Buta ta suɓuce daga hannunta. Da ya leƙo ya ga ƙusar sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Kin gani ko? Kwana uku tana ciki, ba ta ci ni ba!" Matar da ba ta taɓa musa masa ba ta ce, "Maigida, wallahi ta ci ka. Kai ne dai ba ka ji ba." Duk da haka ya ƙi asibiti. Ya barbaɗa garin magani ya ɗaure da tsumma, ya koma cikin kwaɓi. Kwana tara, yatsun ƙafar suka yi baƙi kamar gawayi, zazzaɓi ya kwantar da shi, sai a amalanke aka fitar da shi bakin titi.

A asibiti, likita ya ce ya rufe ido, ya ɗauki allura yana tsira masa tun daga yatsa, yana hawa, yana tambaya, "Ka ji?" Shiru. Ya wuce idon sawu, ya kai ƙwauri, shiru. Matar tana tsaye ta toshe baki da mayafi, tana ganin jini na tsattsafowa ɗigo-ɗigo. Sai dab da gwiwa ya zabura. Likita ya ce, "Malam, wannan ba tauri ba ne. Sukari ne ya cinye jijiyoyin. Ranar da zogin ya daina, ba warkewa ka yi ba, ƙafar ce ta daina kai maka ƙara." Ya ce tsimin bai warkar da komai ba, lokaci ne kawai ya zo daidai, kuma in ba a yanke ba ruɓar za ta hau ta tafi da rai. Aka yanke daga ƙasan gwiwa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne ta sosa masa babban yatsan ƙafarsa ta dama, yana yi masa ƙaiƙayi. Ta miƙa hannu kamar yadda ta saba, ya sauka a kan zanin gado, shimfiɗe, babu komai a ƙarƙashinsa. Mutumin da ya kusa shekara biyu yana shan kirari a kan ciwon da yake cin sa, a ranar ya san sunan abin. Gaskiyar Hausawa da suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.