Miksa Marar Fitila

Shago na huɗu ke nan Shugaba ya shiga tun safe, da 'yar takarda a hannu, gumi na bin wuyan rigarsa.

Miksa yake nema, wato ɗan akwatin da ake soka wa wayoyin makirufo ya haɗa sauti ya naɗa. Su huɗu ne a ƙungiyarsu ta kiɗan jaz: shi da bigila, Tela da piyano, Direba da ganguna, sai ƙanin matarsa, Akawu, da gita. Shekara shida suna kiɗa duk Lahadi, ba wanda ya taɓa gayyatarsu sau biyu. Yanzu wani otal yana neman makaɗan ƙarshen mako, an ce kowa ya aika da sautinsa kafin Laraba.

Mai shago ya karanta takardar. Ƙarama, ta shiga jaka. Layi huɗu. Ta yi aiki da batir. Ta naɗa a kan kati. Da ya zo sharaɗi na ƙarshe sai ya ɗago kai.

"Maɓallin kashe layi, amma kada ya kunna fitila? Yallaɓai, kowa mai fitila yake so."

Shugaba ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Akwai wanda za mu kashe wa makirufo ba tare da ya sani ba. Ɗan'uwa ne. Ka san harka da surukai."

Tela ne ya kawo shawarar, ranar da Akawu bai zo ba. Ya ce akwai mutum ɗaya da ke ɓata musu miya, amma ba mai iya faɗa masa. Direba ya sunkuyar da kai yana wasa da audugar da yake toshe kunne da ita saboda mura. Shugaba bai bari an ƙarasa ba. Ya ce ai shi ya daɗe da sanin gitar nan kamar akuya ce ta maƙale a shinge, kara kawai yake yi wa uwargida. Tela da Direba suka dubi juna, suka ce to, shi ke nan, tunda ya gane.

Mai shago ya tono wata tsohuwar yayi daga ƙasan kanta, ya hure ƙura. Girmanta bai fi littafin makaranta ba. Shugaba ya danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ko ƙyaftawa babu. Ya biya bai nemi ragi ba.

Ranar Lahadi suka haɗu a shagon Tela, inda yadudduka ke rataye a bango suna shanye amsa-kuwwa. Tela ya ɗora miksar kusa da piyanonsa, ya jona wayoyi da kansa. Ya kai Shugaba can lungu bayan keken ɗinki, ya ce bigila tana son fili. Akawu, bawan Allah, sai goge gitarsa yake yana murmushi. Shugaba ya ji tausayinsa har ya saya masa lemo.

Tela ya danna maɓallin layi na huɗu. Shugaba ya kashe masa ido, ya cika kumatu, ya busa kamar ana binsa da gudu.

Aka kunna abin da aka naɗa. Piyano na tafiya a hankali, ganga na bin sa, bigila can nesa-nesa, siririya, kamar daga wata unguwa.

"Ban taɓa jin kaina da taushi haka ba," in ji Shugaba, yana share ido. Sai ya raɗa wa Tela, "Amma fa ina jin gita."

"Ta makirufon wasu take shigowa. Sauti ai ba ya jin magana."

Ranar Alhamis otal ya kira: an ɗauke su. Manajan ya ce abin da ya fi burge shi shi ne mai bigilar nan da ya san kunya.

Murna ta sa Shugaba ya ruga shagon Tela, ya ce yau shi da kansa zai haɗa kaya. Tela ya miƙe zai hana, ya makara. Shugaba ya zare wayar layi na huɗu, yana naɗe ta a gwiwar hannu yana fito. Ta bi ƙarƙashin tebur. Ta wuce kujerar Akawu ba ta tsaya ba. Ta zagaya bayan keken ɗinki, ta hau sandar makirufon da ke lungu.