Da Fensir Ka Rubuta

Abokan wasan sun watse, saura su biyu a teburin. Wasa ne da kowa ke ƙirƙirar jaruminsa a takarda, mutum ɗaya kuma yana jan labarin da jaruman ke ciki. Ita ce mai jan labarin. Shi kuwa Injiniya, shekara biyu ke nan ba ya zaɓen kowane jarumi sai matsafin da ya koyi sihirinsa a littattafai. Kullum cewa yake ba ya son ƙarfin da ke hannun wani.

Yau ya turo mata takardar sabon jaruminsa: matsafin alkawari, mai samun ƙarfinsa daga wadda ya ɗaure kansa gare ta. A gurbin sunan wadda aka yi wa alkawarin, nata ya rubuta.

Ta daɗe tana kallon takardar.

"Yayana ya ce ba ka ƙarasa abu," ta ce. "Jarumi huɗu ka yasar a tsakiyar labari."

"Wannan daban ne."

"Haka ka ce a kan na uku."

Ta shafa sunan da yatsa, ya dushe. Da fensir ake cika takardun wasan, don a iya gogewa.

Ta ciro biro, ta ajiye a gabansa.

"Yaya na jirana a mota. Ba ya yin hon sau biyu."

Injiniya na miƙa hannu ga biron aka danna hon.