Turaren Jego da Ƙwaryar Gyartai

Malam Sallau, ka ce ɗalibanka sun kasa gane yadda ƙwayar sinadari mai rami a tsakiya take saukar da wata ƙarama a cikinta, ta tsare ta daga iska da zafi, alhali babu abin da ya ɗaure su, kuma ranar da baƙuwar ta fita tana nan yadda ta shiga. A zamaninmu ba a barin ɗalibi ya haddace abin da bai gani da ido ba. Saboda haka ga misali, ka riƙe shi daki-daki.

Wata mata ce 'yarta ta fari ta haihu a gari mai nisan kwana uku a ƙafa. Ba ta da akuya ko zanen da za ta kai, sai sana'ar hannunta. Wata biyu ta yi tana haɗa turaren wuta, tana jiƙa itace da miski, tana shanyawa a inuwa, sannan ta zuba a 'yar ƙwarya. Da ta zo rufewa sai kunyar surukai ta kama ta, ta aro babbar ƙwarya mai zane ta kifa a kai. Baki bai hau baki ba, ta liƙe gefen da kakin zuma. Ta kama hanya, kafin azahar rana ta narkar da kakin, ya gangara cikin turaren, kafa ta buɗe. Duk wanda ya biyo bayanta a hanya sai ya yaba ƙamshi, ita kuwa ta san kowane yabo daga rabon 'yarta yake fita.

A zango na biyu ta tarar da wani gyartai, mai ɗinkin ƙorai, a gindin tsamiya. Ya ɗaga murfin ya ce, "Inna, jego za ki, ko hanya aka aiko ki ki turara?" Ta sunkuyar da kai. Ya tsince abin da kaki ya ɓata, ya zazzage buhunsa, ya riƙa kifa ƙorai ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa yana kasa kunne. Ƙwarya ta goma sha ɗaya tsohuwa ce, hayaƙi ya baƙanta ta, ga ɗinki a gefe. Ta zauna daram. Ya girgiza ba ta motsa ba, amma ɗan yatsa ya isa ya ɗaga ta. Matar ta dubi munin ƙwaryar. Ya ce, "Ɗauki, Inna. Surukanki hanci za su sa."

Rabin turaren ya riga ya bi iska. Rabin da ya rage ya isa da ƙarfinsa, har da aka barbaɗa kaɗan a kasko a tsakar gida mai jego ta ji ƙamshin ta san uwarta ta iso tun kafin a yi mata sallama.

Gaskiyar masu iya magana: kowace ƙwarya da abokiyar burminta.