Tseren Mama Tabitha

"Rahama, sun ɗauke min tseren!"

Mama Tabitha ce, maƙwabciyata a Glenwood, tsaye a ƙofata da rimot, ko kayan coci ba ta cire ba. Na bi ta gida, na duba tashoshi kaf. Babu. Ashe wani kamfanin intanet ya saye haƙƙin nuna tseren motocin, sai a manhajarsu.

Tsohuwar talabijin ɗinta ba ta san manhaja ba. Na buɗe mata a wayata ina dariya.

"Mama, ke da ko ƙarar bilenda ba kya so, me ya haɗa ki da tseren mota?"

Ta ƙura wa wayar ido. Can wata jar mota ta tsaya canjin taya, ma'aikata suka yi mata caa. Ta ɗora yatsa kan wani mai hular kwano, durƙushe.

"Ɗana Nanven ne. Ranar da ya bar jami'a na ce kada ya ƙara tako min gida. Shekara bakwai ke nan."

Motar ta tashi. Yatsanta na nan kan gilashin.

"Sakan goma nake ganinsa duk Lahadi. Rahama, wannan abin naki, ana iya mayar da shi baya?"