Gurnanin Fitilar Maigida

Marin ya same ta a gaban murhu, tukunya ta kife, yara na kallo.

Shekara da shekaru tsohuwar motar mijinta ce ke yi mata gargaɗi. Fitilunta masu lumshewa kamar ido sai sun yi gurnani kafin su rufe, ita kuwa ta kora yara gidan maƙwabta. Yau shiru.

"Ba ki ji zuwana ba, ko?" in ji shi, yana zare bel. "Bakaniken unguwar Takur ya sa wa fitilun giris."

Da safe, yana barci, ta fito ido a kumbure. Ta ɗaga murfin fitilar, ta ɗebo yashi, ta ɗura wa ɗan injin da ke lumshe ta a hankali har ya ƙoshi.