Injin Ban Ruwan Inna Bara'atu

Inna Bara'atu ta daki teburin kamfanin kai kaya a Gusau har biro ya faɗi.

"Azzalumai! Sati uku da aka sayo mini injin ban ruwa ta waya. Albasata tana ƙonewa a Nahuce, ku kuna nan kuna shan fanka!"

Manajan ya kira Sahabi, mai babur ɗin hanyar Bungudu.

"Wallahi sau biyu ina kai shi," in ji Sahabi. "Aka nuna mini gidan, na yi sallama, na ce ina neman mahaifiyar Yazid. Wata tsohuwa daga cikin gida ta ce ba ta san shi ba."

"Wace munafuka ce wannan?"

"Inna, muryarki ce."

Yazid ɗan farinta ne, shi ya yi odar injin. Shekara arba'in ba ta taɓa amsa cewa nata ne gaban baƙo ba, balle ta kama sunansa.

Manajan ya turo kwalin. "Ga shi. Faɗi sunan mai odar kawai, ki ɗauka."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafi.

"Gara albasar ta ƙone, marasa kunya!"